Ban da Wasan Yaran, Mece ce Sana'arsa?

Makonni uku da suka wuce na bi ayarin neman aure zuwa wani gida a Mamobi, cikin Accra. Ɗan yayata ne mai nema, ni kuma an sa ni a tafiyar don kawu ba ya rasa wurin zama a irin wannan taro. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka raba goro. Can sai baffan yarinyar, dattijo mai kamala wanda na sani tun ina yaro, ya tambaya: "Yaron nan me yake yi?"

Aka ce yana aiki da masu shirya shirin yara na talabijin. Shi ke ɗaukar sauti, wani lokaci kuma shi ke sa hannu cikin 'yar tsana yana yi mata murya.

Alhaji ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce: "To madalla. Amma ban da wasan yaran, mece ce sana'arsa?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Amma a kusurwar falon nan jikokin Alhaji uku ne suka haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon katun da Turancin Amurka. Da ya kira ƙaramin ya kawo buta, sai da ya kira sau uku, kuma da yaron ya amsa, da Turanci ya amsa.

Tun ranar abin yake cina. Ra'ayina kuwa ba mai tsawo ba ne: shirya wa yara shiri sana'a ce cikakkiya, tana cikin mafi wuya a duk aikin talabijin, kuma a ƙasar Ghana babu wanda ya fi mu mutanen Zongo buƙatarta. Mu ne kuma muka fi kowa raina mai yinta.

Wai wasa ne

Shekarata 19 ina koyarwa a firamare, yawanci aji biyu da aji uku. Duk wanda yake ganin riƙe hankalin yaro abu ne mai sauƙi, ina gayyatarsa ajina ranar Litinin bayan an dawo daga hutun cin abinci. Ni ina da allo, ina da murya, ina iya kiran sunan yaro in ya juya. Mai shirin talabijin ba shi da ko ɗaya. Yaro na gajiya da shi zai tashi, kuma ba kunya gare shi ba. Babba yana iya zama ya jure wa'azi mai tsawo ko jawabin ɗan siyasa saboda kara. Ɗan shekara biyar bai san kara ba.

Na taɓa bin ɗan yayar tawa wurin ɗauka, a wani ɗaki da suka yi haya a wajen Adenta. Shirin minti 12 ne. Mun shiga ƙarfe takwas na safe, ba mu fito ba sai bayan la'asar.

Kafin ranar ma an riga an yi makonni ana aiki. Marubuciyar shirin ta ce mini darasi ɗaya tak ake sa wa kowane kashi. Na ranar wanke hannu ne. Sai ta nemo hanyar da za a faɗi abin sau biyar ba tare da yaro ya ji ana maimaita masa ba: sau ɗaya a labari, sau ɗaya a waƙa, sau ɗaya 'yar tsana ta yi kuskure yara su gyara mata. Kowace kalma sai an auna ko ɗan shekara huɗu ya san ta. Ta ce rubuta wa manya wasan minti 30 ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba.

Shi kuma yaron namu, na gan shi kwance a ƙasa bayan wani teburi, hannunsa a sama cikin tsana, idonsa a kan ƙaramin allon da ke nuna masa abin da kyamara ke gani, bakinsa yana fitar da muryar tsohuwa. Hannu a ɗage na minti biyar, ku gwada ku gani. Aka sake ɗaukar wuri ɗaya sau tara saboda wani babur da ke wucewa, sau biyu saboda wata yarinya ta fashe da kuka. Akwai mai haske, akwai mai kyamara, akwai telan da ya ɗinka tsanar da kayanta, akwai matar da aikinta kawai lura da yaran ne, ta ba su ruwa ta kai su bayan gida. Bayan an tashi kuma edita zai kwana biyu yana yanka da haɗawa.

Masu zane mai motsi nasu ya fi wannan. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Ko da mai zane ya rage ya yi 12, katun na minti biyar zane 3,600 ke nan. Kwamfuta ta rage wahalar, ba ta ɗauke ta ba.

Su waɗanda suka yi nisa a harkar ma ba su taɓa ɗaukarta wasa ba. Shirin Sesame Street da aka fara a Amurka a 1969, kafin a sake shi sai da aka zaunar da masana ilimin yara tare da marubuta. Sukan kai shirin wurin yara, su ajiye wata na'ura a gefe tana canza hotuna duk bayan 'yan daƙiƙu, su zauna suna lura: a ina idon yaro ya bar talabijin ya koma gefe? Inda ido ya kauce, nan za a gyara. Wannan ai aikin likita ne da awo, ba na mai raha ba.

Kuma karatu ake yi a kai, nan cikin garinmu. Makarantar NAFTI da ke Cantonments tun 1978 take horar da masu kyamara, masu sauti, editoci da masu zane mai motsi, yanzu tana ƙarƙashin jami'ar UniMAC. A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai makarantar wasan kwaikwayo da kiɗa. Daga Nima zuwa Cantonments ko a ƙafa mutum zai iya zuwa. Ku ƙirga mini 'ya'yan Zongo nawa kuka sani da suka bi ta ƙofar.

To, me zai ci?

Nan ne Alhaji yake da gaskiya, kuma ba zan yi masa rowar ta ba. Uba da zai ba da 'yarsa dole ya tambayi abin da za a sa a tukunya. Sana'ar nan, a yadda take a Ghana yau, ba ta ciyar da mai ita yadda ya kamata.

Amma mu tsaya mu ga dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

Lokacin da muke yara tasha ɗaya ce, GBC, wadda ta fara talabijin a 1965. Gwamnati ke riƙe da ita, ma'aikatanta na karɓar albashi, kuma shirin yara yana cikin aikin da aka ɗora mata. Duk wanda ya tashi a shekarun 1990 ya san yadda ake cika ɗakin mai talabijin a layi idan Maame Dokono ta zauna da yara a By the Fireside tana ba su labarin Ananse, Gizon tatsuniyar masu Twi, ko Uncle George Laing ya fito a Kyekyekule. Mu 'yan Nima ma abin ya fi mana armashi, don gidan GBC ɗin yana Kanda, ga shi ga mu.

Daga 1997 tashoshi masu zaman kansu suka fara shigowa, TV3 da Metro, sannan aka yi ta buɗewa har ba a iya ƙirgawa. Lissafi ya canza. Tasha mai zaman kanta da talla take rayuwa, kuma mai talla wanda ke riƙe da kuɗi yake nema. Yaro ba ya sayen siminti, ba ya sayen maganin gargajiya, ba ya zaɓe. A wurare da yawa ma mai shiri ne zai biya kuɗin fili kafin a sa masa shirinsa, sannan ya fita neman kamfanin da zai ɗauki nauyi. In ka haɗa da cewa sayen tsohon katun daga waje ya fi yin sabo arha sosai, ka gane abin da ya sa duk tashar da ka murɗa da safiyar Asabar abu ɗaya kake gani.

Kuɗin lasisin talabijin da ya kamata ya tallafa wa tashar gwamnati, sidi 36 aka yanka a shekara ga mai akwati ɗaya a 2015. Ni dai ban san mutum biyar a layinmu da suka taɓa biya ba, kuma ni ma ba na cikin biyar ɗin. Muna kukan rashin shirin kirki, muna ƙin biyan abin da bai kai kuɗin waakye biyu ba.

Wani zai ce su koma YouTube mana, ai can ake samun dala. An gwada. A 2019 hukumomin Amurka suka ci YouTube tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara, daga Janairun 2020 kuma duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ba a sa masa tallan da ke bin diddigin mai kallo, an kuma rufe masa wurin sharhi. Don kare yara abu ne mai kyau. Amma irin wannan tallan shi ya fi kawo kuɗi, saboda haka mai shirin yara yana samun ƙasa da mai bidiyon gulma ko da yawan masu kallonsu ɗaya.

Ɗan yayata ya taɓa yin aikin wata huɗu wa wata tasha, aka ce a jira mai ɗaukar nauyi ya biya. Har yau ana jira. Na ce masa ya kai ƙara, ya ce: "Kawu, da wace takarda? Da baki muka yi." Yawancinsu haka suke, ba kwantiragi, ba asusun fansho na SSNIT, yau aiki gobe zaman jira. Ranar Asabar ɗaukar bidiyon biki ne ke cike giɓin.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda aikin ba ya biya, to ba aiki ba ne. Malamin makarantar allo nawa yake samu? Kuɗin Laraba ne da abin da Allah ya hore. Akwai wanda ya taɓa tambaya, ban da karantar da yaran, mece ce sana'arsa? Muna girmama shi don mun san darajar abin da yake zubawa a kan yaro. Rashin biyansa abin kunyarmu ne, ba nasa ba.

Kuma kuɗin yana hannun wa? Hannunmu. Attajiran Zongo suna ɗaukar nauyin gasar ƙwallo ta unguwa, suna ɗaukar nauyin tafsiri a rediyo duk azumi, suna yin liƙi a biki har a rasa wurin taka ƙafa. Allah Ya saka musu. Amma kuɗin liƙin dare ɗaya a babban biki zai iya yin kashi biyu ko uku na shirin yara. Mai sayar da kayan makaranta, mai gidan burodi, mai kamfanin ruwan leda, duk iyaye mata ne masu sayen kayansu, kuma uwa tana zaune kusa da yaro lokacin da yake kallo. Akwai kuma Asusun Raya Zongo da aka kafa da doka a 2017. An yi magudanan ruwa, an yi filayen ƙwallo. Ban ga abin da zai hana a ware wani abu don shirin koyar da yara ba, in da mu da kanmu mun ɗauke shi a matsayin ci gaba har mun nema.

Abu ɗaya kuma da iyaye ba su lura da shi ba: hannun da ya ƙware a nan ba ya rasa aiki a wani wuri. Wanda ya iya ɗaukar sautin yara shida suna magana lokaci ɗaya, ɗaukar wa'azi ko talla ba zai ba shi wuya ba. Mai zanen katun shi ne mai zanen tallan banki. Matsalar ita ce can ɗin ne ke biya, sai gwanayen su gudu can, a bar wa yara wanda bai samu wani wurin ba.

Tsana da hoto da kiɗa

Wannan ba fagena ba ne, kuma ba zan yi fatawa ba. Amma na ji ana faɗa cewa addini ya hana tsana da hoto da kiɗa, har a wancan zaman an yi gunaguninsa, don haka ba zan tsallake ba.

Abin da na karanta a gaban malamaina shi ne Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yana cikin Bukhari. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai. Malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen sassauta kayan wasan yara. A kan kiɗa akwai saɓani, kowa ya sani, kuma mai shiri yana iya yin waƙa da tafi da murya kawai in ya ga dama. Yaran Islamiyya ai da waƙa suke haddace sunayen watanni da farillan alwala.

Tambayar da nake yi wa mai wannan damuwa ita ce: da ka hana ɗanka shiga aikin, kallon ya tsaya? Bai tsaya ba. Jikanka yana kallo, sai dai wanda ya shirya abin bai san alwala ba, bai san gaisuwa da durƙuso ba, bai san akwai wani wuri Fadama ba. In kana son shirin da ya san haddi, sai wanda ya san haddin ya koyi kyamara.

Wannan ya fi shafar 'yan mata. Kowa ya san su wa ke riƙe da tatsuniya a gidajenmu: kaka ce, gwaggo ce, yaya ce. Ba a taɓa jin namiji ya fi mace iya "ga ta nan, ga ta nanku" ba. Amma yarinya ta ce za ta karanta aikin talabijin, sai a ce za ta lalace. Rubutu a ɗaki ake yi. Zane a gaban kwamfuta ake yi. Murya a ƙaramin ɗaki ake ɗauka, ko fuskarta ba za a gani ba. Marubuciyar da na ambata ɗazu da hijabinta take zuwa, mijinta ke sauke ta.

Ai Kano na yi

Ga wata kuma: me ya sa za mu wahala, tunda Najeriya na yin shirye-shirye da Hausa, ga Arewa24 a tauraron ɗan Adam tun 2014?

Ina kallon su, ina jin daɗinsu, kuma ina so yaranmu su ji Hausar Kano don kunnensu ya buɗe. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, Hausarmu ta nan daban take. Mu ba mu cika damuwa da bambance "ya zo" da "ta zo" ba. Muna tsoma Twi, muna tsoma Ga, muna tsoma Turanci, mu wuce. Yaron Nima ya san trotro, bai san a-daidaita-sahu ba. Sidi ya sani, ba naira ba. Na taɓa kunna wa 'yan ajina wani shirin yara na can, bayan minti uku wata ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, wannan Hausan littafi ne?"

Kuma Hausa a Zongo ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Dagomba, Kotokoli, Mosi, Zabarma, Chamba, Wangara, Fulani, Yarbawa, kowa da harshen gidansu, amma a bakin famfo da Hausa ake faɗa, da ita ake sulhu. Ita ce igiyar da ta ɗaure tsintsiyar. Shirin da zai yi wa waɗannan yara magana sai wanda ya tashi a cikinsu.

Sannan ga abin da ya fi damuna a matsayina na malami. Harsuna 11 gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu: Twi iri biyu, Fante, Ewe, Ga, Dangme, Nzema, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa, ko da yake GBC ta daɗe tana labarai da ita. Yaron Nima zai yi Ga a aji, na Aboabo a Kumasi zai yi Twi. Ba laifi, harsunan maƙwabta ne, ya kamata su iya. Amma ma'anarsa ita ce babu ajin da zai ga Hausa a rubuce, babu littafi, babu jarrabawa. Ɗan Asante in talabijin ta yi watsi da shi, makaranta na nan. Namu in gida ya sake, talabijin ta sake, shi ke nan.

Gida kuwa ya fara sakewa. Uwa ta fita kasuwa tun asuba, uba yana tasha ko yana ƙasar waje, kakar da za ta yi tatsuniya ita ma tana gaban talabijin. Kun tuna yadda unguwa ke yin tsit lokacin da Adom TV ke nuna wasan Indiya da aka juya zuwa Twi? Wannan ya nuna abu ɗaya: mutane na son jin harshen da suka saba a bakin allo, ko da fuskar ta Mumbai ce. Masu Twi sun gane, sun samar wa matasansu aikin juya murya. Mu muna da Gizo da Ƙoƙi, ɗan'uwan Ananse na jini, makirci ɗaya, haɗama ɗaya. Marubuciyar wasan kwaikwayo Efua Sutherland ta ɗauki Ananse ta kai shi dandamali, ta yi shekaru tana aikin wasan yara, yau ga filin wasa da sunanta a tsakiyar Accra. Namu Gizon yana nan a bakin tsofaffi, yana jiran a binne shi tare da su. Na tambayi 'yan ajina 42 wa ya san matar Gizo. Hannu huɗu na gani.

Talabijin ta mutu, waya ake yayi

Wannan ba ta buƙatar dogon zance. Akwati ne ya canza, aikin bai canza ba. Abin da ke cikin wayar ma wani ne ya rubuta shi, wani ya zana, wani ya ɗauki sauti.

A Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, talabijin aka koma, aka buɗe Ghana Learning TV don yara su ci gaba da darasi. Ni ma a lokacin na ce bari in taimaki 'yan ajina, na jingina waya a kan gwangwanin madara na ɗauki kaina ina koyar da lissafi, na tura wa iyaye ta WhatsApp. Wata uwa ta kira ni tana dariya, ta ce yaron ya kalli minti ɗaya ya ce Malam ya yi kama da mai sanarwar rasuwa. Shekara 14 ina koyarwa a lokacin. Ranar na san iya koyarwa daban, iya koyarwa ta allo daban.

Inda nake da ƙorafi a kansu

Kada a ce na zo kare su ido rufe. Akwai abin da ake kira shirin yara wanda ni ma ba zan bar ɗana ya shiga ba. Gasar da za a sa yarinya 'yar shekara bakwai ta yi rawar manya da kayan manya, a sa iyaye su yi ta tura kuɗin zaɓe ta waya, a kore ta a gaban jama'a tana kuka kyamara na bin hawayenta, wannan shirin manya ne da aka yi da yara. Ba duk gasa ce haka ba, wasu sun fito da yara masu baiwa ƙwarai. Amma bambancin a bayyane yake ga mai ido.

Dokar yara ta 1998 ta hana sa yaro aikin dare, daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe, ta kuma sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki mara nauyi. Mai shiri na gari ba ya jiran doka ma. Yana neman izinin iyaye a rubuce, ba ya ɗauka lokacin makaranta, ba ya barin yaro shi kaɗai da babba a ɗaki, yaro ya gaji a tashi. Wanda aka horar ya san wannan. Wanda ya faɗo harkar don bai samu wani abin ba, shi ne ke ajiye yara cikin zafi tun safe da biskit ɗaya.

To ka ga raini ma yana da hannu a ɓarnar. Sana'ar da mutanen kirki suka hana 'ya'yansu, ba ta zama babu kowa. Wasu ne ke cike wurin.

An dai ba mu yarinyar, alhamdu lillahi, an sa rana bayan Babbar Salla. Amma da sharaɗi. Alhaji ya ce sai yaron ya kama wani abu "na a-zo-a-gani", shi zai taimaka da rabin jari. Yanzu haka yana da 'yar rumfar MoMo, ta tura kuɗi da cire su ta waya, a bakin titin Nima, yana zama daga safe zuwa azahar in babu ɗauka.

Shekaranjiya na tsaya cire kuɗi a wurinsa. Na hango tsanar tsohuwar nan a cikin leda ƙarƙashin teburi, gashinta na zare ya leƙo. Na ce me take yi a nan? Ya ce bakinta ne ya ɓalle, zai kai wa tela in ya tashi. Muna cikin magana wani yaro da uwarsa ta aiko tura kuɗi ya tsaya yana kallon ledar, ya ce: "Wannan ba ita ce ta talabijin ba?"

Ɗan yayata ya dube ni, ya dubi layin mutum huɗu da ke jira, ya ce wa yaron ya kawo lambar.